Karatun Yara a Gida Sa'ad da Makaranta Ta Rufe: Darasi daga Ƙauyukan Managil

 Iyaye maza da iyaye mata masu karanta wannan mujalla, ina so in kawo muku labarin abin da ya same mu a ƙasar Sudan, da ɗan abin da muka koya a cikinsa dangane da karantar da yara a gida ta hanyar wayar hannu da intanet. Ba na yi wa kowa fatan abin da ya same mu. Sai dai makaranta takan rufe saboda dalilai iri-iri, ko yajin aikin malamai, ko ambaliya, ko annoba irin ta shekarar 2020, ko rashin tsaro, kuma uban da ya riga ya san inda zai nemo wa ɗansa karatu ba zai zama ɗaya da wanda abin ya faɗo wa ba shiri ba.

Ni ɗan wani ƙauyen Hausawa ne a yankin Managil, cikin jihar Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kakanninmu wasu sun zo ne a ƙafa kan hanyar hajji suka yada zango, wasu kuma sun biyo ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kawo har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban gandun auduga na Jazira, sa'an nan aka faɗaɗa shi zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, Hausawa na cikin waɗanda suka yi noman audugar da tsintarta. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Larabcin Sudan, a makarantar gwamnati kuwa da Larabci ake koyar da darussa. Mahaifina limami ne, yana da makarantar allo a zaurensa, wadda a nan ake kira khalwa. A gabansa na yi karatun allo, daga baya na yi sakandare.

Yadda makaranta ta ɓace mana

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Tun daga wannan rana makarantu suka rufe a kusan dukan ƙasar. A watan Oktoba na wannan shekara asusun UNICEF da ƙungiyar Save the Children suka bayyana cewa yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. A watan Disamba dakarun RSF suka shiga Wad Madani, babban birnin jiharmu, jama'a suka kwararo yamma zuwa Managil, wadda ta ci gaba da zama a hannun sojoji. Azuzuwan da ake karatu a cikinsu suka koma ɗakunan kwanan masu gudun hijira, malamai da yawa suka yi watanni ba albashi. A watan Fabrairu na 2024 layukan waya da intanet suka yanke a yawancin ƙasar na tsawon makonni. Ɗaliban da ya kamata su rubuta jarrabawar kammala sakandare a 2023 ba su samu rubuta ta ba sai ƙarshen Disamba na 2024. Sojoji sun karɓe Wad Madani ranar 11 ga Janairu, 2025, kuma tun daga lokacin al'amura suka soma komawa a hankali, amma shekarun da suka wuce ba za su komo wa yaro ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a lokacin shi ne ganin yadda karatu ke zubewa daga kan yaro kamar ruwa daga kwando. Ɗan wana, wanda yake aji uku sa'ad da aka rufe makaranta, bayan wata takwas na ba shi lissafin ɗebewa mai aro sai ya tsaya yana kallona. 'Yan mata masu tasowa aka fara yi musu maganar aure, tun da ba su da wani abin jira. Samari suka koma tura baro a kasuwa, wasu kuma suka fara sha'awar masu ɗauke da bindiga. Makarantar allo kaɗai ce ba ta tsaya ba ko kwana ɗaya, domin ba ta bukatar gini ko albashi daga Khartum.

Wata rana bayan sallar isha'i na ce wa mahaifina, “Baba, in ka yarda, ina so in ari zauren nan da hantsi, bayan almajirai sun tashi, in riƙa yi wa yaran unguwa karatun boko da wayata.” Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, “Na yarda. Amma ka sani, wayar nan taka ba ta san sunan kowane yaro ba, ba kuma za ta gane wanda bai karya ba. Ka zauna da su.” Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana ƙarƙashin wannan magana tasa ne.

Tambayoyi uku kafin a sauke komai

Intanet cike take da darussa, kuma wanda ya shiga ba tare da sanin abin da yake nema ba, kuɗin datarsa zai ƙare bai riƙe komai ba. Mu dai wahala ta koya mana mu riƙa yi wa kowane shafi da kowace manhajar waya tambayoyi uku.

Ta farko: shin ana iya sauke abin a ajiye a waya, a yi amfani da shi ba tare da intanet ba? A watannin da layi ya yanke, mai son aika saƙo sai ya je wurin masu na'urar Starlink ya biya kuɗin awa. Darasin da sai an kalle shi kai tsaye ba shi da amfani ga mai irin wannan hali. Wanda aka sauke kuwa, awa guda ta isa a tara karatun mako biyu, a zuba a katin memori, a tura wa maƙwabta ta Bluetooth ko Xender ba tare da an kashe ko sisi ba.

Ta biyu: shin abin yana tafiya tare da littafin ajin yaron? Yaro zai koma makaranta wata rana, kuma jarrabawar da zai rubuta ta ƙasarsa ce. Darasi mai kyau wanda aka tsara wa wata ƙasa yana taimakawa wajen fahimta, amma littafin aji shi ne hanya, sauran kuwa guzuri ne.

Ta uku: shin kyauta ne da gaske, kuma ba a cusa tallace-tallace a ciki? Manhajoji da yawa sukan buɗe darasi biyu ko uku kyauta sa'an nan su nemi kuɗi, wasu kuma tallan da ke faɗowa a cikinsu ba abin da uba zai so ɗansa ya gani ba ne. Waɗanda zan ambata a nan, hukumomi ne da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suka yi su.

Littafin aji shi ne farko

Littattafan makarantun Sudan, cibiyar tsara karatu ta ƙasa da ke Bakhtur Ruda kusa da garin Duwaim ce ke shirya su. Abu na farko da ya kamata uba ya nema shi ne littafin ajin ɗansa, ko na takarda ko hotonsa a waya. Malamai sun yi ta tura wa juna waɗannan littattafai ta WhatsApp da Telegram, kuma malamin makarantar yaronka shi ne wanda ya fi cancanta ka tambaya, domin tsarin karatun ƙasar ya sauya kafin yaƙi, aka koma shekara 6 a firamare, 3 a matsakaiciya, 3 a sakandare, saboda haka tsofaffin littattafai na yawo tare da sababbi.

A watan Oktoba na 2021 ma'aikatar ilmi ta Sudan tare da UNICEF suka buɗe wani dandali mai suna Learning Passport, wanda UNICEF ta gina da taimakon kamfanin Microsoft. An zuba masa littattafan aji na Sudan da darussan bidiyo da wasannin koyo cikin Larabci, kuma kyauta ne. Amfaninsa gare mu shi ne, abin da yaro zai gani a ciki shi ne abin da malaminsa zai tambaye shi. Akwai irin wannan dandali a wasu ƙasashe, kowace da littattafanta. Na Nijeriya an buɗe shi a 2022.

Ya kamata kuma a san cewa koyo da na'ura ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Sudan. Shirin nan da ake kira Can't Wait to Learn, na ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan, a Sudan aka fara gwada shi shekaru kafin wannan yaƙi, tare da ma'aikatar ilmi da Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman. Akan kai wa ƙauyen da ba shi da makaranta ƙananan kwamfutoci masu kama da allo, waɗanda ake yi wa caji da hasken rana, yara su koyi lissafi da karatu ta hanyar wasa bisa tsarin littafin aji. Abin lura a cikin shirin shi ne, ba a taɓa barin yara su kaɗai da na'ura ba: akan ɗauki wani babba daga cikin ƙauyen, ko da ba malami ba ne, ya zauna da su. Masu ilmin da suka tsara shirin sun isa inda mahaifina ya isa ta wata hanya.

Ƙanana masu koyon haruffa

Ga yaron da bai fara haɗa baƙi ba, manhajoji biyu sun yi mana amfani ƙwarai. Ɗaya sunanta Antura wal Huruf, ɗaya kuma Feed the Monster. Dukansu sun fito ne a 2017 daga wata gasa da gwamnatin Norway ta ɗauki nauyi domin yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta, wato an yi su ne tun asali saboda yara masu irin halin namu. Kyauta ne, ba talla a ciki, kuma da zarar an sauke su ba sa bukatar intanet. Yaro yana jin sautin harafi, yana ganin siffarsa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, yana haɗawa har ya kai ga kalma.

Sai dai yatsan da ya saba da taɓa gilashi bai koyi riƙe alƙalami ba. Dokarmu a zaure ita ce, duk harafin da yaro ya gani a waya sai ya rubuta shi a allo da tawada, ko a ƙasa da tsinke, kafin a wuce gaba. Minti goma sha biyar a waya, minti talatin a allo. Akwai kuma shirin yara na Ahlan Simsim, wanda aka fara nunawa a 2020, ana samun sa a YouTube. Yana koya wa ƙanana yadda za su faɗi abin da ke damun su, kamar tsoro da fushi da kewar gida, kuma yaran da suka baro Madani cikin ƙarar bindiga suna da bukatar wannan ƙwarai.

Lissafi da kimiyya ga manya

Matsalar uba takan fara ne sa'ad da ɗansa ya wuce inda shi ya tsaya. Ni kaina na yi sakandare, amma da aka kawo mini tambaya a kan ilmin sinadarai sai na ga na manta fiye da rabi. A nan ne darussan bidiyo suke da ranarsu.

Dandalin Madrasa, wanda gidauniyar Muhammad bin Rashid ta Dubai ta buɗe a 2018, ya fara ne da bidiyo 5,000 cikin Larabci a kan lissafi da fiziya da sinadarai da ilmin halittu, tun daga ajin share fage har ƙarshen sakandare. Kowane bidiyo gajere ne, yana ɗauke da mas'ala guda. Dandalin Edraak na gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan, wanda aka buɗe a 2014, shi ma yana da sashen 'yan makaranta, musamman lissafi, da kuma darussan Turanci da kwamfuta ga manya. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, ita ce uwa ga irin wannan koyarwa, kuma manhajarta tana ba da damar sauke bidiyo a ajiye. A 2025 kuma sashen Larabci na BBC ya fara wani shiri mai suna Dars domin yara 'yan shekara 11 zuwa 16 da yaƙi ya hana karatu, ciki har da na Sudan.

Yadda muke yi shi ne, sai mu buɗe littafin aji mu ga babin da aka kai, mu nemo bidiyon da ya yi daidai da shi, a kalla sau biyu, a kashe waya, a koma ga tambayoyin ƙarshen babi a amsa su a takarda. Yaro yana iya kallon bidiyo goma yana gyaɗa kai, alhali bai iya warware tambaya ɗaya ba. Takarda ce ke tona wannan asiri.

Ga ɗalibin da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, akwai PhET na Jami'ar Kolorado a Amurka, wanda aka fara a 2002. Ƙananan gwaje-gwaje ne a fuskar waya ko kwamfuta: yaro ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila da hannunsa, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru, ya yanke waya ya ga ya mutu. An fassara su zuwa Larabci da Faransanci, kuma ana iya sauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin karatu wanda ba ya bukatar layi

Idan a unguwa akwai mai tsohuwar kwamfuta da farantin sola, to akwai abubuwa biyu da suka cancanci a sha wahalar sauke su sau ɗaya. Na farko Kiwix, manhajar da aka fara a 2007, wadda ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙire ta a ƙasar Mali yake aiki. Tana ba mutum damar ɗauke kundin Wikipedia ya ajiye a waya ko kwamfuta, na Larabci ko na Faransanci ko na Hausa. Wanda ba shi da wuri mai yawa sai ya ɗauki wanda ba hotuna, ko ya ɗauki sashen lissafi ko na likitanci kaɗai. A tuna dai cewa kundin nan jama'a ne ke rubuta shi, yana da kyau wajen fara bincike, amma ba a ɗaukar hukuncin addini ko maganin cuta daga gare shi.

Na biyu Kolibri, na wata ƙungiya mai suna Learning Equality. Akan sa shi a kwamfuta guda, a zuba masa darussan Khan Academy da gwaje-gwajen PhET da littattafan labarai, sa'an nan wayoyin da ke kusa su haɗu da kwamfutar ta Wi-Fi ba tare da data ba. Kowane yaro yana da sunansa a ciki, kuma mai kula da su yana ganin wanda ya yi aikinsa da wanda ya maƙale. Wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya, amma bai fi ƙarfin masallacin unguwa ko ƙungiyar iyaye ba.

Karatun Alƙur'ani: a lura da ruwaya

A nan ne na fi ganin iyaye suna kuskure ba da saninsu ba. Mu Hausawa mun gaji ruwayar Warshu daga kakanninmu, da rubutunta wanda ake sa wa fa'un ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Maƙwabtanmu a Jazira da yawa ruwayar Duri suke karantawa. Yawancin manhajojin waya kuwa da ruwayar Hafsu suke buɗewa. Dukansu ingantattu ne, amma yaron da malaminsa ke biya masa da Warshu da safe, ya dawo gida ya saurari Hafsu da yamma, harshensa zai cakuɗe. Tun a cikin Fatiha akwai kalmar da Hafsu ke ja, Warshu da Duri ba sa ja.

Saboda haka kafin ka sauke karatu, tambayi malamin yaron da wace ruwaya yake biya masa. Shaihu Mahmud Khalil Husari na Masar ya ɗauki karatun Alƙur'ani cikakke da Hafsu da Warshu da Ƙaluna da Duri, a hankali kuma a bayyane. Marigayi Shaihu Nurain Muhammad Siddiƙ na Sudan, wanda ya rasu a hatsarin mota a watan Nuwamba na 2020, ya bar karatu da ruwayar Duri. Ga masu Hafsu akwai karatun Shaihu Minshawi wanda yara ke maimaitawa a bayansa. Shafin MP3Quran ya jera makaranta bisa ruwayoyinsu, cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina kuma tana da mus'hafin Warshu da na Duri, da fassarar Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi.

Sauraro yana taimakon tilawa da hadda. Amma ƙarin karatu da gyaran baki sai a gaban malami, domin haka aka karɓo Alƙur'ani tun farko, baki da baki. Mahaifina yakan bar almajirai su saurari Husari da dare, amma ba ya wanke wa kowa allo sai ya ji karatun da kunnensa.

Kada a manta da Hausa

Yaranmu a Jazira suna jin Hausa, amma kaɗan ne ke iya karanta ta da boko, kuma ajamin da tsofaffi ke rubutawa yana ta ja da baya. Shafin African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na ƙasar Indiya, suna da ƙananan littattafan labarai masu hotuna cikin Hausa da Larabci da Faransanci, ana saukewa, ana kuma iya bugawa a takarda. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya ya mayar da shirye-shiryensa na yara zuwa Hausa. Na lura cewa yaron da ya koyi haruffan boko da kalmomin da ya sani tun yana goye, irin su ruwa da gida da akuya, ya fi saurin kama Turanci idan an zo kansa, domin wahala ɗaya ce ta rage masa maimakon biyu.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda 'ya'yansu ke karatu da Faransanci, su ma ba a bar su a baya ba. Ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fassara darussan Khan Academy zuwa Faransanci tun daga 2013, akwai kuma Vikidia, kundin sani da aka rubuta domin yara 'yan shekara 8 zuwa 13, wanda shi ma ana iya ɗaukarsa ta Kiwix.

Tsarin yini, da abubuwan da za a yi hattara da su

Kayan karatu ba sa aiki sai da lokaci tsayayye. Mu mun ɗauko tsarin makarantar allo ne kawai. Bayan asuba Alƙur'ani. Da hantsi awa biyu na boko, lissafi a farko tun kai bai gaji ba, sa'an nan Larabci, sa'an nan kimiyya ko Turanci. Ranar Alhamis ba sabon darasi sai bita. Waya ɗaya ce tsakanin yara da yawa, don haka muka raba su gida uku: wasu na kallo, wasu na rubutu, wasu na biya wa na ƙasa da su. 'Yan matan da suka kai sakandare su muka ɗora a kan ƙanana, kuma wannan ya ba iyayensu dalilin jinkirta maganar aure. Wata malama da ta yi gudun hijira daga Madani ta karɓi ajin manya, iyaye suna haɗa mata abin da ya sawwaƙa na dawa da albasa. Ranar da ta fara, Inna ta ce mata, “Malama, ba mu iya biyan ki ba, sai dai Allah Ya biya.” Zuwan wannan malama ya fi mana dukan abin da muka sauke daga intanet.

Uwar da ba ta yi boko ba kada ta ce ba ta da rabo a wannan aiki. Tana iya cewa yaro ya karanta mata abin da ya rubuta, ta sa ya ƙirga mata canji, ta tabbatar ya zauna a lokacinsa. Yaro yana gane wanda ya damu da karatunsa.

Hattara kuma wajibi ce. Wayar da ke ɗauke da darasi ita ce ke ɗauke da hotunan gawawwaki da kalaman ƙiyayya da ake yaɗawa a lokacin yaƙi. Babba shi ne zai shiga intanet ya sauko da darasi, sa'an nan ya kashe data kafin ya miƙa wa yaro, kuma kada waya ta kwana a hannun yaro. A guji saƙonnin da ke alkawarin tallafin karatu ko agaji suna neman lambar sirri ta asusun banki, domin hukumar gaskiya ba ta tambayar wannan. A kuma yi bincike kafin a biya kuɗi ga masu cewa suna da makaranta a intanet mai ba da takardar shaida. Takardar da ake karɓa ita ce ta ma'aikatar ilmi, saboda haka ko yaro yana karatu a gida, a tabbatar sunansa yana cikin rajistar wata makaranta da hukuma ta sani, a kuma riƙa bibiyar sanarwar jarrabawa.

Da makarantar ƙauyenmu ta sake buɗewa, mun mayar da yaran gaba ɗaya, domin zaure bai taɓa zama madadinta ba. Ɗan wana ya koma yana iya ɗebewa da rabawa. Wasu daga cikin tsararrakinsa ba su koma ba har yau, kuma su ne nauyin da ya rage a wuyanmu. Ina roƙon kowane mai karatu da yake da waya da ɗan hali, tun yau makaranta tana buɗe, ya sayi katin memori guda, ya zuba littattafan ajin 'ya'yansa da karatun ruwayar malaminsu, ya ajiye, ya kuma nuna wa maƙwabcinsa yadda ake yi. Allah Ya kawo zaman lafiya a Sudan da sauran ƙasashenmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani.